Hutun Bana a Bayan Dutsen Bagale

A unguwar nan idan mutum ya ce ya samu hutu, kowa ya san abin da yake nufi. Zai ɗaure kaya, ya sayi busasshen kifi da man shanu na tsaraba, ya nufi tashar Jambutu ya hau motar Kano ko Katsina ko Zariya. Ya yi mako biyu yana zagayen ta'aziyya da barkar haihuwa, ya dawo a gajiye, aljihu wayam. Hutu ne mai lada, ban raina shi ba, ni ma shekara ashirin ina yin irinsa. Amma hutun makaranta na watan Disambar da ya wuce ban hau mota ba. Gudu na yi, kilomita 42 da 'yan kai, daga ƙofar gidana zuwa bayan duwatsun Bagale, na dawo. Tunda maganar ta riga ta zaga majalisu har an ƙara mata gishiri, wani ya ce kura ce ta biyo ni, wani ya ce kuɗi aka sa, na ga gara ku ji ta daga bakina.

Asalin abin ba sha'awa ba ce, tsoro ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da shekara hamsin da biyu ɓarin jikinsa ya shanye a shagonsa na kasuwar Jimeta. Shekara shida muna juya shi a kan katifa, mutumin da a da shi kaɗai yake ɗaga dilar atamfa. Shekara uku da suka wuce, ina da arba'in da huɗu, likita ya ɗaura mini abin awo a hannu, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya tambaye ni ko akwai mai hawan jini a gidanmu. Ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da maggi, in riƙa tafiyar ƙafa rabin awa kullum. A hanyar gida 'ya'yana mata uku kawai nake gani a idona, babbarsu ko sakandare ba ta gama ba.

Da tafiya na fara, bayan sallar Asuba. Tafiya ta zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu. Abin da ya fi ba ni wuya kuwa ba numfashi ba ne, idon jama'a ne. Kun san mu. Babban mutum mai iyali, malamin makaranta, ga furfura a gemu, a gan shi yana gudu a titi? A wurinmu mutum uku ne ke gudu: yaro, da ɓarawo, da wanda gobara ta tashi a gidansa. Wata safiya wani dattijon layinmu ya tare ni da carbinsa a hannu, ya ce, "Malam, lafiya dai? In bashi ne ka faɗa mana, sai a san yadda za a yi." Na ce masa, "Baba, bashi ne, amma jikina ne ke bi na." Ya yi dariya, ya ce Allah ya biya. Daga baya na ji a majalisar mai shayi an laƙaba mini Malam Fanfalaki. Sunan ya bi ni har aji.

To, tunda an kira ni da sunan, sai na nemi sanin abin. Gudun fanfalaki, wanda 'yan rediyo kan ce gudun yada ƙanin wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. An fara shi a wasannin Olamfik na birnin Atina a 1896, awon da ake bi yanzu kuma daga gasar Landan ta 1908 ya samo asali. Abebe Bikila na Habasha ya cinye shi a birnin Rum a 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa. Marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya gama shi cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Chikago a 2023. A Legas ma tun 2016 ake yin sa. Duk waɗannan a kan kwalta ne, cikin gari, ana kiɗa ana tafi.

Wanda ya ɗauke mini hankali daban ne, shi ne na cikin daji da duwatsu. Ashe akwai mutanen da hutunsu ke nan. Mutum ya tara kuɗi shekara guda, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa, su tafi wani gari mai kyan gani, su yi yawon buɗe ido, ran nan kuma shi ya ɗaura takalmi ya shiga tsaunuka. A Faransa akwai wanda ake zagaye dutsen Mont Blanc, wajen kilomita 170, ana ratsa ƙasa uku. A Maroko ana yin kusan mako guda cikin rairayin Sahara, kowa da abincinsa a bayansa. Kusa da mu, a Buea ta Kamaru, tun 1973 ake tseren hawa dutsen Kamaru a sauko, har wata mata mai suna Sarah Etonge ta yi ta cinye shi aka riƙa ce mata sarauniyar dutse. A Obudu ta jihar Kuros Riba an fara na hawa zalla a 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, da kyautar dala dubu 50. Na zauna da biro na yi lissafin na Buea: fasfo, mota, masauki, ci da sha. Albashin malami ya dube ni, na dube shi.

Ina wannan lissafi ne a tsakar gida mai ɗakina tana tankaɗe. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, wai dutse ne babu a nan? In ka hau gada wancan na hannun dama mene ne, tulin shara?"

Na rasa amsa. An haife ni a Jimeta, an haifi mahaifina a Jimeta. Kakana ne ya zo daga ƙasar Kano yana sayen fata da ƙirgi. Duk wanda ya taɓa tsallaka gadar Binuwai zai nufi Girei ko Song ko Mubi ya ga Bagale a tsaye. Amma ku tambayi majalisar da kuka ga dama a unguwar nan, mutum nawa suka taɓa taka shi? Mun san farashin buhun masara a kasuwar Song, mun san ranar da kasuwar shanu ke ci a Mubi da Ngurore, mun san wace mota ce ke fara tashi. Ƙasar da ke tsakanin kasuwa da kasuwa kuwa ta tagar mota muke ganinta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, mu kuma mun shekara ɗari muna hangen Bagale.

Abin mamakin shi ne mu jikokin matafiya ne. Kalmar zango ma, kafin ta zama sunan unguwa, wurin da ayari ke sauka ne bayan tafiyar yini, har akan auna nisan gari da ita, a ce zango kaza ne. Fataken da suka je Gwanja sayen goro wata da watanni suke yi a ƙafa, madugu na gaba, jakuna na biye. Waɗanda suka nufo Adamawa ma haka suka zo. Yau jikansu in zai je masallacin Juma'a na bayan layi sai ya tsayar da Keke Napep.

Shiri ya ɗauke ni wata huɗu. Ba a shiga dajin mutane kai tsaye, balle a wannan zamani da ake fama da masu satar mutane. Wani tsohon ɗalibina, ɗan ƙabilar Bata, wanda kakarsa ke zaune a wani ƙauye a gindin dutsen, shi ya yi mini jagora wurin jauro. Muka kai goro, na faɗi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, izini muke nema mu bi ta ƙasarka da gudu." Ya tambayi me muka jefar a dajin. Da aka yi masa bayani ya jinjina kai, ya ce shi dai bai gane ba, amma bai ga laifi ba. Ya haɗa mu da wani maharbi, ya ce kada mu taka ko'ina sai inda ya nuna. Asabar shida muna bin hanyoyin da shi, ina aunawa da agogon hannu mai lissafin tafiya da wani abokin aiki ya ara mini, har muka haɗa zagayen da ya cika awon. Na koma wurin likita ya sake auna ni, ya ce in je, amma in na ji ƙirji ya riƙe ko jiri ya ɗebe ni in zauna, kada in yi gardama.

Lokacin ma sai da aka zaɓa. Wanda ya san Yola a watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ya san mai gudu a lokacin kabarinsa yake haƙa. Da damina ciyawa ta rufe hanya, ga macizai, ga kogi ya cika ya shanye fadamu. Sai hunturu, ƙarshen Disamba, an gama girbi, hanya ta buɗe.

Mu uku muka tashi: ni, da ɗalibin nan nawa, da wani maƙwabcinmu tsohon soja wanda ya ba sittin baya amma har yau cikinsa a shafe yake. Guzurinmu dabino, da ƙuli-ƙuli, da gorar ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa. Wani ƙanen ɗalibin ya ɗauki ruwan leda a mashin zai riƙa tarar mu a wurare huɗu. Na sa dogon wando mara nauyi, don gudu bai ɗauke wa mutum suturar da ta wajaba ba. Waya kuwa ƙarama na ɗauka na cusa a ƙugu, saboda 'yan Shila ba su san fanfalaki ba, waya suka sani.

Ƙarfe shida saura muka bar ƙofar masallaci. Garin shiru, sai masu shayi na hura wuta da almajirai a ƙudundune. Muna hawa gada gari ya fara wayewa. Na sha tsallaka gadar nan a mota, sau dubu ko fi, amma ban taɓa jin tsawonta ba sai ran nan. Binuwai ya janye, yashi ya fito fari fat, ruwan ya rabu gida-gida yana tafiya a hankali kamar ba shi ne ya cinye gidaje da gonaki a 2012 da 2022 ba. Hazo ya kwanta a kansa. Wani masunci a cikin kwale-kwale ya jefa birgi, ya buɗe a sama kamar faifai kafin ya faɗa. Iska mai sanyi na dukan kunne. Tsohon soja ya ce, "Malam, rage wuta. Wanda ya ci gada da gudu, dutse zai ci shi." Na rage.

Bayan Vinikilang muka bar kwalta. Maharbi na jiran mu a gindin wata tsamiya, da bindigarsa ta toka da takalmin roba. Daga nan ƙafa ta fara koyon wani karatu. A titi kai kake ba ƙafa umarni. A daji ƙasa ce ke ba ta: nan yashi, nan tsakuwa, nan kututturen dawa da aka sare, nan ƙarangiya ta kama bakin wando. In ka ɗaga kai kallon giginya sai ka ci tuntuɓe, in ka dage kallon ƙasa kuma ka yi asarar abin da ya kawo ka. Muka ratsa gonakin da aka girbe, shanu na kiwo a cikin kara, balbelu na biye da su. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suka ja gefe suna kallon mu, wata ta tambayi maharbi da Fillanci ko lafiya, ya ce mata jam.

Hawan dutsen ba gudu ba ne, kada wani ya ruɗe ku. Ko waɗanda suka ƙware takawa suke yi in hawa ya miƙe. Hannu a gwiwa, numfashi kamar zugazugin maƙeri. Maharbin nan da ba ya cikin lissafinmu na 'yan gudu shi ne kullum a gaba, yana tsayawa yana jiran mu, ko gumi babu. Wani wurin sai an dafa dutse da hannu. Birai suka yi mana ihu daga wani tsauni suka watse.

Da muka kai sama na juya. Jama'a, gani ya kori ji. Ga kogi ya miƙe kamar an shimfiɗa farin rawani, ga gada 'yar siririya, ga Jimeta baki ɗaya da rufin kwanonta cikin hazo, can bayanta Yola. Na nemi unguwarmu, na kasa raba ta da sauran. Duk rigimar da muke yi, ta kwata da ta fili da ta wane ne zai yi limanci, tana cikin wani ɗan wuri da zan iya rufewa da babban yatsana.

A nan ɗalibina ya durƙusa ya tsinci wani tsingaro, ya miƙo mini. Ya nuna mini wani dutse mai kwarmi, sumul, irin wanda niƙa ta cinye. Ya ce, "Malam, mutanenmu a nan suka zauna. Kakata ta ce daga nan suke ganin duk mai tahowa."

Tarihin na san shi a takarda, har na koyar da shi. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso a 1851, Batawa na zaune a kan Bagale suna cin gashin kansu, kusa da fadar Lamiɗo. Zamanin Lamiɗo Lawal aka ci dutsen da yaƙi. Na kuma san abin da ya kawo fataken Hausa ƙasar nan a wancan zamani: sun kawo tufafi da kayan ƙira, sun koma da hauren giwa, kuma, mu faɗi gaskiya, har da bayi. Wannan duk na sani. Amma sanin abu a allo daban, a miƙo maka tsingaron tukunyar kakar wani a inda ta fashe daban. Yaron bai faɗa da zafi ba, bai kuma nemi in ce komai ba. Na juya tsingaron a hannu, na ga zanen da aka yi masa da tsinke, na miƙa masa. Ya mayar da shi daidai inda ya ɗauka. Muka ci dabino uku-uku muka tashi.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Bayan dutsen hanya ta miƙe cikin kaɗanya da ƙirya da marke, rana ta fara ɗagawa. Daga kilomita ashirin zuwa talatin ba ni da labari mai yawa, gudu ne kawai, da shan ruwa, da lissafi. Maharbi ya yi mana sallama a iyakar ƙasarsu.

A wajen talatin da biyu abin da masu gudu ke tsoro ya same ni. Jiki yana da rumbun da yake ajiye abincin gaggawa a tsoka da hanta, kuma rumbun nan yakan ƙare kafin tafiyar ta ƙare. Ƙafafuna suka zama kamar an ɗaura musu turmi. Sharaɓata ta dama ta ɗaure tamau. Na taɓa ƙirji, lafiya, ba jiri, saboda haka ba abin da likita ya ce ba ne. Amma zuciya ta fara kawo shawara: ga mashin can gaba, wa zai sani? Sai mahaifina ya faɗo mini, ba yana kwance ba, yana tsaye da dila a kafaɗa. Ban san dalili ba sai na ji hawaye. Tsohon soja ya ga abin da ake ciki, bai ce mini sannu ba. Ya dawo gefena ya ce, "Waccan kukar kawai za mu je." Da muka je ya ce, "Waccan giginyar." Haka ya riƙa yanka mini hanya ƙanana-ƙanana.

Wata ruga muka tarar a gefen hanya. Wata tsohuwa na zaune da ƙwaryarta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kaɗo, wa ya kore ka daga kasuwa?" Na ce, "Dada, nono na biyo." Ta yi dariya har da tafa hannu, ta dama mana fura da kindirmo a ƙoƙo, mai sanyi kamar daga randa. Na ciro kuɗi, ta ture hannuna, ta ce ba a sayar wa mahaukaci abinci. Na ce useko. Na sha kindirmo a Jimeta iyakar rayuwata, ban taɓa shan irin wannan ba, kuma na san ba nonon ne ya bambanta ba.

Furar nan ce ta kawo ni bakin kogi. Muka bi gefen gonakin rani, masu ban ruwa na ta da injin, albasa da alayyafo kore shar. Gada ta bayyana, amma kamar ana ja da ita baya. A kanta yanzu ga motoci, ga hayaƙi, ga masu Keke na leƙo kai suna "Baba, a kawo ka ne?" Ɗalibina, wanda da ya so da tuni ya isa gida ya yi wanka, ya tsaya a bayana har muka sauka.

Ana kiran Azahar muka shigo layi. Agogo ya nuna awa bakwai da minti goma sha takwas, wato Kiptum zai yi sau uku ya zauna ya ci abinci kafin in iso. Yara suka biyo mu da ihu. Dattijon nan mai carbi yana alwala a ƙofar masallaci, ya ɗago ya ce, "Malam, an biya bashin?" Na ce, "An rage, Baba." Sallar ranar a zaune na yi ta, don gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. A gida na tarar da kunun gyaɗa a kwano da ruwan zafi a bokiti. Mai ɗakina ta dubi ƙafafuna ta ce, "To, ka ga tulin sharar?"

Duk abin da na kashe, da goron jauro da sallamar maharbi da man mashin da ruwa, bai kai kuɗin motar mutum ɗaya zuwa Kano ya dawo ba. Kwana uku ina sauka daga dakali da baya-baya, farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita. Sauran hutun na ɗauki yaran a mota muka je Song suka ga duwatsun nan uku da ake kira 'yan'uwa mata, waɗanda su ma a littafi kawai suka san su.

Tun daga nan tunanin Sukur nake yi, can ƙaramar hukumar Madagali, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, na farko a Nijeriya. Mutanen wurin sun shimfiɗa hanyoyin dutse da hannunsu tun daga ƙasa har fadar Hidi a kan tsauni. Da a wata ƙasa suke, da tuni ana tururuwa daga nesa ana biyan kuɗi don a hau su da gudu. Yankin ya sha wuya a hannun Boko Haram a 2014, kuma zuwa can sai an tambayi mutanen wurin halin da hanya ke ciki. Tsohon soja ya ce in Allah ya kai mu hunturu mai zuwa, kuma hanya ta yi kyau, shi zai biya kuɗin mai.

A yanzu dai duk Asabar bayan Asuba muna fita, daga ƙofar masallaci zuwa ƙarshen gada mu dawo. Mun kai mu tara, har da mai shayin da ya raɗa mini suna, wanda shi ma aka ce masa suga ta yi masa yawa. Shi takawa yake yi, da jallabiyarsa da silifa, yana cewa shi ba gudu ya zo ba, iska ya zo sha. Wanda zai zo ya fara zuwa a auna masa jini, ya kuma taho da gorar ruwansa.